Sayen Gilashi Mai Rikiɗa: Abin da Za Ka Tambaya Kafin Ka Biya

Akwai wani irin gilashi wanda in ka ɗaga shi ka leƙa haske ta cikinsa za ka ga shuɗi, in ka sauke shi a tafin hannu ya koma ruwan zinariya, in ka ɗan karkata shi kuma launi na uku ya ɓullo. Masu sayar da shi a Amurka da Turai suna ce masa dichroic, kuma da wannan suna za ka neme shi a wurinsu. Mu a nan gilashi mai rikiɗa za mu kira shi. Da shi ake yin 'yan kunne da abin wuya da kan zobe, ana sa shi a tagogi da fitilu, ana manna gutsattsarinsa a bakin madubi. Yana da tsada, kuma kyansa kan ɗauke hankalin mai saye har ya manta da tambayoyin da suka fi launi muhimmanci. Duk wanda zai yi odarsa daga nesa, bai kamata ya fara da zaɓen launi ba. Ya fara da sanin gilashin da ke ƙarƙashin launin.

Mene ne ainihin abin da ake sayarwa?

Launin ba fenti ba ne, ba kuma rini ba ne da aka zuba cikin narkakken gilashi. Ana ɗaukar gilashin da aka riga aka gama ne a sa shi cikin wata tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinta, sannan a tururar da wasu sinadarai da tsananin zafin lantarki, irin su titaniyam da kuromiyam da magnisiyam da silika. Tururin sai ya riƙa kwantawa a fuskar gilashin hawa bisa hawa, wajen hawa 30 zuwa 50, amma duka kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Su kansu hawa-hawan ba su da launi. Haske ne suke rabawa gida biyu: wani ɓangare ya wuce ta ciki, wani ya dawo wa ido. Wanda ya taɓa ganin bakan gizo a kan ruwan da man mota ya ɗiga a ciki ya ga irin wannan aiki, sai dai a nan an auna kaurin kowane hawa don a samu launin da ake so.

Gilashin da ke sauya launi daɗaɗɗen abu ne. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani kofi na Rumawa da aka yi a ƙarni na 4, ana kiran sa kofin Lycurgus, wanda yake kore idan haske ya faɗo masa ta gaba, ya koma ja idan an haska shi ta baya. Shi nasa sirrin ƙurar zinariya da azurfa ce da ke cikin jikin gilashin. Na zamani kuwa daga masana'antun tabarau na kimiyya da na binciken sararin samaniya ya fito, a shekarun 1950 da 1960, kafin masu aikin hannu su gane amfaninsa. Daga cikin kamfanonin da suka yi suna wajen yi wa masu sana'a wannan shafi akwai Coatings by Sandberg da ke jihar Kalifoniya, wanda 'yan kasuwa ke taƙaita sunansa da CBS.

Abin lura a nan shi ne mai yin shafin daban, mai yin gilashin daban. Kamfanin shafi yana sayen gilashi ne daga masana'antu iri-iri ya shafa musu launi iri ɗaya. Don haka guntaye biyu za su iya yin kama da juna ƙwarai a ido, alhali a wuta ba sa ga maciji da juna.

Za ka gasa ko ba za ka gasa ba?

Wannan ce tambayar da za ka fara yi wa kanka, domin amsarta ce za ta raba maka hanya. Idan yanka gilashin kawai za ka yi, ka goge bakinsa, ka dasa shi cikin gidan azurfa ko ka naɗe shi da waya ko ka manna shi a bango, to ka huta da rabin wahalar. Sayi duk wanda ya burge ka. Haka ma wanda zai sayi duwatsun da aka riga aka gasa, masu ƙoƙon baya da shafaffen ciki, ya ɗora su a kan zobe ko ɗan kunne. A ganina wannan ce ƙofar da ta fi dacewa da mai farawa, musamman wanda ba shi da tabbacin wutar lantarki, domin yana iya fitar da kaya masu kyau ba tare da tanderu ba.

Idan kuwa niyyarka ka jera gilashi bisa gilashi ka narkar da su a tanderu su zama abu ɗaya, to dole ka san lambar da ake rubutawa da haruffa uku, COE. Lambar tana nuna yadda gilashi ke buɗewa idan ya yi zafi da yadda yake tsukewa idan ya huce. In ka haɗa biyu masu lamba daban, za su narke su manne lafiya lau, amma wajen hucewa ɗaya zai ja fiye da ɗaya. Wani lokaci tun a cikin tanderu za su tsage. Abin da ya fi ciwo shi ne wanda zai fito sumul, a goge shi, a sayar, sai bayan mako ko wata ya dare a wuyan wadda ta saya. Nan sunanka ne ya tsage tare da shi.

Lambobin da za ka fi cin karo da su huɗu ne. Lamba 90 ita ce ta gilashin Bullseye, wanda ake yi a birnin Portland na jihar Oregon, kuma ita ce ta fi yawan zaɓi a gilashi mai rikiɗa. Lamba 96 ta kamfanin Spectrum ce tun asali, wanda ya rufe masana'antarsa a 2016, kamfanin Oceanside ya karɓi aikin ya ci gaba da shi. Lamba 104 ta gilashin Effetre ce ta tsibirin Murano a Italiya, wadda masu narka tsakiya da harshen wuta suke amfani da ita. Lamba 33 kuma gilashi ne mai tauri irin na kwalaben ɗakin gwaje-gwaje, yana buƙatar wuta mai ƙarfi sosai. Ga mai aikin tanderu, zaɓi yana tsakanin 90 da 96 ne. Duk wadda ka ɗauka ka tsaya a kanta, kuma tazarar shida da ke tsakaninsu kada ta ruɗe ka, ta isa ta fasa aiki.

Ko lambar ma ba ita ce ƙarshen zance ba. Kamfanin Bullseye ya daɗe yana jan hankalin masu sana'a cewa daidaituwar lamba kaɗai ba ta tabbatar da jituwar gilashi biyu, domin yadda kowanne ke laushi a wuta ma yana da tasiri. Shi ya sa ya fi aminci ka sayi na sama da na ƙasa daga masana'anta ɗaya, waɗanda aka gwada aka tabbatar suna haɗuwa. Gilashin taga da na kwalba kuwa ka bar su gefe. Masagan Bida sun shahara da narkar da kwalabe suna yin tsakiya da ƙarau, kuma aikinsu abin girmamawa ne, amma wannan hanya ce daban mai nata ƙa'idoji. Kwalba ba ta zuwa da lamba, kuma ɗora guntun da ka saya da kuɗin waje a kanta caca ce.

Baƙi ko garau

Ana yin shafin ne galibi a kan gilashi baƙi ko a kan garau, wato wanda ake gani ta cikinsa. Bambancin babba ne. Baƙi yana shanye hasken da ya wuce, saboda haka launin da ke dawowa kaɗai za ka gani, amma zai fito da ƙarfi da zurfi. Shi ya fi dacewa da kayan ado, tunda abin wuya a kan fata ko tufa yake kwanciya, haske ba ya bi ta bayansa. Garau shi ke nuna launukan biyu, kuma shi ake ɗorawa a kan wani don a samu hawa-hawan launi masu zurfi. Mai farawa ya sayi baƙi don shimfiɗa, garau kaɗan don ƙari, sannan gilashi garau marar shafi mai yawa don murfi, wato wanda ake ɗorawa a sama ya rufe shafin. Wannan na ukun ne mutane suka fi mantawa da shi a oda, alhali shi ya fi saurin ƙarewa.

Sunayen launukan ma suna da ƙa'ida. A tsarin CBS, in ka ga an rubuta launi biyu, misali Blue/Gold, na farkon shi ne wanda ke wucewa ta ciki, na biyun shi ne wanda ke dawowa. Wanda ya sayi wannan a kan baƙi yana jiran shuɗi zai ga ruwan zinariya ne zalla. Sannan wuta tana sauya launi: bayan gashi yakan gusa zuwa ɓangaren shuɗi, ja ya koma ruwan tagulla ko ruwan goro, ruwan zinariya ya ɗan yi kore. Don haka mai son jan da zai tsaya ja, ya nemi mafi duhun ja da ake da shi. Dillali nagari yakan nuna hoton kafin gashi da na bayan gashi. In bai nuna ba, ka roƙa.

Hoto dai ba ya iya ɗaukar wannan gilashi. Kusurwa ɗaya yake kamawa, alhali duk darajar abin tana cikin motsi. Ka nemi ɗan gajeren bidiyo ana juya guntun a hasken rana, a kan farar takarda da kuma a kan baƙa.

Kauri, girma da 'yan gutsattsari

Kauri biyu ne suka fi yawa: siriri mai wajen milimita 2, da na yau da kullum mai milimita 3. Narkakken gilashi yana da wata ɗabi'a, yana son ya tsaya a kaurin milimita 6. In abin da ka jera bai kai haka ba zai tattaro gefunansa ciki, in ya wuce zai baje waje. Biyu masu milimita 3 sukan riƙe siffarsu, haka ma uku sirara. Ga 'yan kunne siriri ya fi, saboda nauyi, domin ɗan kunnen da ke jan kunne ba a sake sa shi komai kyansa.

Cikakken faranti a wurin CBS zagayayye ne mai faɗin inci 19, wajen santimita 48. Ana sayar da rubu'insa, ana kuma yanka shi murabba'i mai inci 4, wato kimanin santimita 10 kowane gefe. Wannan ƙaramin ya isa fitar da kawunan sarƙa da yawa, domin ba a cika abu da shi, ɗan yanki ake sawa. Akwai kuma ragowar yanka da ake sayarwa a awo, gauraye da launuka da zane iri-iri. Ga mai koyo babu abin da ya kai wannan amfani, domin da kuɗi kaɗan zai ga halin launuka da dama a wuta. Sharaɗi ɗaya ne: jakar ta kasance ta lamba ɗaya, a rubuce. Jakar da aka ce gauraye ce ba a faɗi lamba ba, ta aikin manne ce kawai.

Za ka ga masu fuska sumul, da masu gurbi-gurbi ko igiyar ruwa, da masu zanen ɗigo ko layi. Masu gurbin suna da kyau ƙwarai amma suna da wuyar yanka, kuma sukan tare iska a ƙarƙashin murfi su bar kumfa. A bar su sai hannu ya faɗa.

Abin da ya yi kama da shi

Araha ba ta ado, kuma a wannan kasuwa arahar da ta wuce misali alama ce ta wani abu daban. Akwai gilashi mai ƙyalli da ake fesa wa sinadari tun yana da zafi a masana'anta. Yana da sheƙi mai laushi irin na bakan gizo, kaya ne na gaskiya mai amfaninsa, amma ba ya raba haske gida biyu, kuma farashinsa bai kai ba. Akwai leda mai rikiɗa da ake mannawa a kan gilashi ko roba. Akwai kuma duwatsun roba da aka zuba wa ƙyalƙyali a ciki. Ba laifi ba ne a sayar da waɗannan da sunansu. Laifin shi ne a karɓi kuɗin na gaske a ba da su, kuma in leda ta shiga tanderu ƙonewa za ta yi ta ɓata duk abin da ke kusa.

In kayan suna hannunka, ganewa ba wuya. Gilashi yana da sanyi da nauyi, yana ƙara in an ƙwanƙwasa shi da ƙarfe, roba kuwa ba ta yi. Duba baki ko za ka ga leda tana ɗagowa. Ɗaga garau ɗin zuwa haske, launin da ka gani ta ciki dole ya bambanta sarai da na fuska. Wajen gane ɓangaren da ke da shafi kuma, ɗora bakin biro a kai: in bakin ya haɗu da inuwarsa babu rata, nan ne shafin yake, in akwai rata to bayan ne. Sanin wannan wajibi ne, domin shafi ba ya mannewa da shafi a wuta. In ka kifa fuska mai shafi a kan wata mai shafi ba za su haɗu da kyau ba. Kullum a samu tsuran gilashi a tsakani, kuma murfin ya ɗan fi na ƙasa faɗi don ya sauko ya rufe gefuna.

Tanderu kafin gilashi

Kada ka tara gilashi kafin ka warware batun wuta. Cikakken narkewa yana faruwa ne a wajen digiri 800 na ma'aunin salshiyos, sannan a sauko a tsaya a wani mataki don gilashin ya saki jikinsa, digiri 482 ga Bullseye, wajen 510 ga lamba 96, kafin a bar shi ya huce sannu a hankali. Wannan tsayawar ce ke hana tsagewa daga baya, kuma tana son wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar aiki ba. Ƙananan tanderun da ake sayarwa a Amurka yawanci na lantarki mai ƙarfin volt 120 ne, alhali na Nijeriya da Nijar da Gana ya kai 220 zuwa 230, don haka a duba wannan kafin a biya. Akwai wani ɗan akwati da ake sawa cikin na'urar ɗumama abinci ya narkar da guntu ɗaya ko biyu. Yana da kyau don gwaji, amma ba a iya auna zafinsa, kuma ba zan ba da shawarar a dogara da shi wajen kayan sayarwa ba.

A cikin odar farko a haɗa da abin yankan gilashi mai kyau, da filayar ɓallewa, da takardar shimfiɗa da ke hana gilashi mannewa a tanderu, da tabaran kare ido. Ana goge baki ne da ruwa don kada a shaƙi ƙurar gilashi.

Adon gida

A nan lissafin ya juya. Garau ake so, kuma wurin da za a ajiye shi ya fi girmansa muhimmanci. Guntu mai faɗin tafin hannu da aka rataya a tagar gabas zai zubo launi ɗaya a ƙasan ɗaki ya mayar da wani waje, kuma launukan za su riƙa tafiya da rana. Wannan guntun in aka kai shi lungu mai duhu ba zai nuna komai ba. Kafin ka saya, tsaya a ɗakin da safe da yamma ka ga inda haske ke shigowa. Masu zanen gine-gine sun yi amfani da wannan a manyan ayyuka, kamar zauren Harpa na birnin Reykjavik a ƙasar Aisilan da aka buɗe a 2011, da gidan tarihi na Prairiefire a jihar Kansas da aka buɗe a 2014.

Ga babbar taga ko ƙofa, ledar da na ambata ɗazu ita ce mafita mai ma'ana. Kamfanin 3M yana yin irinta don gine-gine, kuma ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin aikowa nesa ba kusa ba. Gilashin da ba a yi wa murfi ba kuwa shafinsa a fili yake, yana iya karcewa. A lokacin hunturu kada a goge shi da busasshen tsumma, domin ƙurar da ta kwanta a kai ita ce za ta kankare shi. A fara kaɗe ta ko a ɗauraye, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi, kuma kada a bar shi jiƙe cikin ruwa.

In kayan da aka gama za ka saya

Shafa yatsa a gefuna, kada ka ji kaifi ko tsini. Duba ko an rufe launin da murfi garau, domin zobe da awarwaro suna shan gogayya. Ƙananan kumfa 'yan kaɗan ba aibi ba ne a aikin hannu, amma layin tsaga a ciki, ko fari-fari kamar hazo a fuska, alamar gashi ne da bai yi ba. Juya bayan ka ga maƙalin da sarƙa ke bi: ya zauna daram, babu gam da ya malalo. Tambayi irin ƙarfen. Azurfa ta gaske tana ɗauke da lamba 925, kuma ƙarfe mai sinadarin nikel yana sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne da wuya.

Wajen oda daga waje, ka rubuta wa dillali ya faɗa maka lambar gilashin, da masana'antar da ta yi shi, da kaurinsa, da ko baƙi ne ko garau, kuma ya yi alkawarin naɗe kowane guntu daban da takarda a tsakani don kada su karce juna. Ka tambayi abin da zai yi in kaya sun iso a fashe, ka kuma lissafa kuɗin aikowa da na kwastan tun kafin ka yanke farashin da za ka sayar. Odar farko ta zama ƙarama. Wanda ya kasa amsa maka lamba, nemi wani.

Ranar da kayan suka iso, kafin ka yanka komai, ɗauki alƙalamin da ba ya gogewa ka rubuta lambar a bayan kowane guntu, ka ware wa kowace lamba akwatinta. Da zarar takardar da ke jiki ta ɓace, babu idon da zai iya raba maka 90 da 96.